Matakalar Malam Ƙasimu

Duk wanda ya yi sakandare a Tarauni cikin shekara ashirin da ukun nan ya san matakalar Malam Ƙasimu. Hawa uku ce, da hannunsa ya zana ta da fenti a bangon ajin kimiyya: hasashe a ƙasa, nazariyya a tsakiya, doka can sama. Wai hasashe in ya yi ƙwari sai ya zama nazariyya, ita kuma in ta tabbata a yi mata ƙarin girma ta zama doka, kamar ma'aikacin gwamnati. Yara har waƙe ta suke yi suna buga benci.

Ranar wata Asabar aka yi gasar kimiyya ta makarantu bakwai a wani ɗakin taro a Gyadi-Gyadi. Wanda ya ci shi zai je zagayen jiha. Fiddausi, ɗalibar da Malam ke ji da ita, ta yi kunnen doki da Opeyemi, ɗalibin wata makaranta, saura tambaya ɗaya. Wata uku yarinyar nan tana karatu, ko hutun tara ba ta fita.

Alƙaliyar gasar, Dakta Maimuna, malamar jami'a ce kuma tsohuwar ɗalibarsa. Da safe ma sai da ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ta karanto tambayar ƙarshe: "Yaushe nazariyya take zama doka?"

Malam ya gyara zaman hularsa yana murmushi. Wannan ai ko daga barci aka tashi Fiddausi za ta amsa. Yaran suka rubuta, suka ɗaga allunansu. Nata ya ce: idan gwaji ya tabbatar da ita. Na Opeyemi kuwa kalma uku kacal: ba ta zama.

"Opeyemi ne daidai," in ji Dakta, a hankali.

Kai! Malam bai san ya miƙe ba. "Maimuna! Daidai kamar yaya?"

Kafin ya rufe baki Malam Mu'azu na Darmanawa ya miƙe, Malam Rabi'u na Hotoro ma ya miƙe, dukkansu yaransa ne da ya koyar. "Mu ma haka muke koyarwa!" Ɗaki ya kaure da hayaniya.

Dakta ta dubi takarda, ta dubi malaminta. Ta ɗauki biro. "To... tunda Malam ya faɗa, a ba Fiddausi makin."

Muryarta rawa take yi. Malam ya san muryar nan sarai, irin ta yaron da ya amsa laifin da bai yi ba don a bar shi ya zauna.

"Ajiye biron nan," ya ce. "Yi mini bayani."

Ba ta iya kallonsa ba, teburi ta yi wa magana. "Malam, hasashe zato ne da za a gwada. Doka tana faɗin abin da ke faruwa kullum: ka saki dutse, ga yadda zai faɗo, ga saurinsa. Nazariyya kuma ita ke bayyana dalilin abu, bayan an gwada ta an sake gwadawa. Aikinsu daban ne, babu mai hawa ta zama wata. Nazariyyar ƙwayoyin cuta har gobe sunanta nazariyya, kuma da ita kowane asibiti yake aiki."

Malam ya matso kusa da teburin.

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun shekarata ta farko a jami'a. A kanta na faɗi jarrabawa."

"Shekara goma sha shida ke nan! Kowace sallah kina zuwa gidana a Babban Giji da yaranki, ku ci tuwo, ki ce mini Allah ya ƙara girma, ki tafi?"

Hawaye ya zubo mata. "Malam, da wane bakin zan faɗa maka?"

Innalillahi. Ya juya ya dubi Mu'azu da Rabi'u, har yanzu suna tsaye suna jira ya ce a ci gaba da rigima. Kowannensu da ajinsa cike da yara, kowannensu da matakalarsa a bango. Wallahi kunya kamar ya nutse.

"Ku zauna," ya ce da su. Sannan ya dubi Dakta. "Ba yaron nan makinsa."

Aka tafa, ba da ƙarfi ba.

Fiddausi ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Da taro ya watse ta zo ta durƙusa a gabansa da littafinta a buɗe. Ga matakalar nan ta zana da biro kala uku, ga jan bironsa a gefe: Da kyau.

"Wannan shafin ki yage shi," ya ce. "Kuskurena ne, ba naki ba."

Ta gyaɗa kai. Ta shafa kaurin littafin da babban yatsa, aikin shekara uku cur, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Malam, sauran shafukan fa?"