Bugun Zuciyar Baba Gabdo

"Tamanin kika samu?"

"Tamanin, Sista."

Sista Margret, shugabar ɗakin jinyar maza, ta saki tsintsiyar hannun tsohon a hankali, ta miƙo wa Adawiyya katinsa. Ƙarfe takwas, tamanin. Ƙarfe goma, tamanin. Sha biyu, tamanin. Duk rubutun Adawiyya ne, ɗalibar jinya 'yar shekara ta biyu a makaranta. Amma agogon da ke maƙale a ƙirjin Sista ya ba da ɗari da talatin da biyu, ga gumi mai sanyi a goshin Baba Gabdo, makiyayin Sorau da aka yi wa aiki a ciki shekaranjiya. Sista ta aika a kira likita da gudu, ta ce jini ne ke zuba ta ciki.

Adawiyya ta sandare. Ta lalubi safiyar nan kaf a ranta, ba ta tarar da ƙirge ko ɗaya ba. Ta tuna dai ta ciro waya don ta auna minti guda, tunda ba ta da agogo. Daga nan sai Fesbuk, sai shafin Shafi'u, saurayinta da suka rabu a hanyar dutse ranar da aka gudu daga Mubi. Shekara biyu ke nan ba labari. Kullum sai ta bi hotunan gawarwaki da ake yaɗawa, tana buɗe fuska bayan fuska, har abinci ya daina shiga mata, har ƙawayenta na ɗaki suka sa mata suna Hajiya Caji, don kullum wayarta na kan caji.

Ana gyara gadon da za a tura shi a kai, tsohon ya buɗe ido, ya roƙi Sista da Hausarsa mai ƙamshin Fulatanci kada ta yi wa yarinyar faɗa. Wai sau uku ta zo ta riƙe masa hannu, ta daɗe, tana kallon wayarta hawaye na zuba. Ya so ya faɗa mata kansa na juyawa, sai ya ga nata ciwon ya fi nasa.

"Kin ji?" in ji Sista, ba tare da ɗaga murya ba. "Shi ne ya yi jinyarki."

Aka tura shi tiyata. Sista ta ce ba za ta sa hannu a littafin aikin Adawiyya ba, kuma in ya mutu, wannan katin ne zai je gaban kwamiti da sunanta a jiki.

Wayar ta yi motsi a aljihun farar rigar Adawiyya. Kafin ta ankara, babban yatsanta ya riga ya kai kan madannin. Ta dubi yatsan kamar na wani ne. Ta zaro wayar, ta ɗora a tafin hannun Sista.

"Mama, riƙe min ita. Zan tsaya a ƙofar tiyata har a fito da shi, kuma ni da bakina zan gaya wa likita ban ƙirga ba."