Layi Uku, Suna Huɗu

Rafik ya sake ƙirga layukan da ke kan fom ɗin, kamar za su ƙaru idan ya matsa musu da kallo. Uku ne dai. A samansu an rubuta "baƙin 'yan wasa", shi kuma suna huɗu ne a hannunsa. Ya ninke takardar ya cusa a aljihun kwat, ya koma kallon atisaye.

Shekara goma sha tara ke nan yana manajan Bahhara, ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin Saida. Aiki ne marar kwarjini: shi ne mai takardu, shi ne mai neman mota, shi ne mai ba masu gidajen haya haƙuri idan 'yan wasa sun ɓalla ƙofa. Duk tsawon shekarun nan ba su taɓa wuce na shida ba, kuma ba wanda abin ya hana barci. Bana kuwa sai ga su na uku a tebur, ga watan Fabrairu ya kama, garin ya fara mafarkin kofi. Masu kifi a bakin teku duk sun zama masu horarwa, har mai aski ba ya taɓa kan Rafik sai ya faɗa masa wanda ya kamata a zaunar a benci.

Abu ɗaya kowa ya yarda da shi, ba su da dogo a ƙarƙashin kwando. Sau biyu manyan ƙungiyoyin Beirut suna cinye su a nan, duk ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo sai wani zanƙalele ya miƙa hannu ta saman kawunansu ya ɗauke. Shugaban ƙungiya ya yi ta buga waya har ya samo Pruitt, Ba'amurke mai tsawon mita biyu da 'yan kai, wanda wata ƙungiya a Kuwait ta rabu da shi. Jiya ya sauka. Yau da ƙarfe uku ake rufe rajista, kuma wanda bai shiga ba sai baɗi.

Layi biyu na farko na Amurkawa biyu ne da ke ci wa ƙungiyar fiye da rabin makinta, mai hankali ba zai taɓa su ba. Layi na uku na Mazin ne.

Mazin ɗan Wafa ne, ƙanwar Rafik uwa ɗaya uba ɗaya. A asibitin da ke bayan filin nan aka haife shi. Mahaifinsa mutumin Sudan ne mai shagon magani, ya rasu yaron yana shekara goma sha biyu. A nan uba ne ke ba ɗa ƙasa, uwa ba ta da wannan ikon ko da ta haife shi a tsakiyar kasuwa. Saboda haka Mazin, wanda ya san kowane lungu na tsohon gari, wanda idan ya yi zagi har tsofaffi ke jinjina wa bakinsa na mutanen Saida, baƙo ne a takarda. Tony kuwa, wanda aka ɗauko daga Brazil don kakan babansa ya bar garin Zahle na ƙasar nan shekara ɗari da suka wuce, ɗan ƙasa ne cikakke. Kalma uku ya sani a Larabci, biyu daga ciki sunan abinci ne.

Koci Hagop ya hura usur ya ba su hutu, ya nufo Rafik yana goge sanƙonsa da tawul.

"Abu Nizar," ya kira shi da alkunyarsa, "takardar sakin Pruitt ta zo daga Kuwait?"

"Ba ta zo ba tukuna," in ji Rafik.

Ta zo. Tun ƙarfe takwas da minti goma take cikin wayarsa, da hatimi da komai, kuma a saninsa ba wanda aka turo wa sai shi. In babu ita ba a yi wa Pruitt rajista. Idan uku ta buga, laifin ya tafi Kuwait, shugaba ya yi fushinsa na kwana biyu, Mazin ya ƙarasa kakar wasa. Tun safe Rafik ke juya wannan a ransa, yana jin kunyar kansa, kuma bai fasa ba.

Hagop ya dube shi ya daɗe. Ya ce ya san abin da Mazin yake yi a fili wanda ba ya fitowa a takardar maki, shi ne ke tsare gwanin kowace ƙungiya, shi ne bakin da ke gaya wa sauran inda za su tsaya. Amma maki shida a wasa ba ya riƙe layin baƙo.

"Ni na koya masa tsayuwa yana shekara goma sha huɗu," ya ce. "Kana jin zuciyar dutse gare ni? Ba ni layi na huɗu ka gani."

Rafik ya ce zai wuce Beirut inda ake rajistar ya jira takardar a can, don kada lokaci ya ƙure. Niyyarsa ya sami wani shagon gahawa kusa da ofishin hukumar ƙwallon kwando ya zauna har agogo ya gama masa aikin.

A bakin ƙofa ya tarar da Mazin, kansa da danshin wanka, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Kawu, zo mu je. Ni zan ja."

"Ina za ka, Kawu?" Haka suke kiran juna tun yaron bai iya tafiya ba, kamar kowane kawu da ɗan 'yar'uwarsa a garin, sunan ya je ya dawo. "Kana da atisayen yamma."

"Ba a cire mutum sai da sa hannunsa. Kai ka koya mini dokar."

Rafik ya shiga motar, ya ɗora jakarsa a cinya ya riƙe ta da hannu biyu.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka bar Saida, ana yayyafi, teku a hagunsu ya yi launin toka. Da suka wuce Jiyye, Rafik ya ce su bi tsohuwar hanya, babbar tana cunkushewa. Mazin ya ce ya duba, lafiya lau take. Da suka doshi gonakin ayaba na Damur, Rafik ya tuna bai karya ba, ya ce akwai wata mata a nan da ke gasa gurasa mai yajin za'atar da ba irinta a ƙasar nan. Mazin ya miƙa hannu kujerar baya ya ajiye masa leda a kan jakar. Gurasar ce, har da ɗuminta.

"Ka shirya mini ke nan," in ji Rafik.

"Kawu, kai fa ba ka iya ƙarya ba. Idan ka yi, kunnenka ne ke fara ba da labari."

"Takardar ba ta zo ba."

"Ta zo. Wakilin Pruitt ya turo masa hotonta. Ni na kai shi cin wake da safe, ya nuna mini yana ta murna. Bai ma san kujerar wa zai zauna ba." Mazin ya yi 'yar dariya. "Mutumin kirki ne. Ya cinye kwano uku."

Rafik ya juya fuska wajen taga. Ya ce shekarar Mazin talatin da ɗaya, kuma duk ƙasar nan ba ƙungiyar da za ta kashe layin baƙo a kansa, daga nan sai baɗi sai baɗin baɗaɗa. Wanda aka cire yau ya gama. Ya ce ba wanda zai sani, shi zai ɗauki abin a wuyansa, kuma ko ba Pruitt wa ya ce ba za su kai ga kofin ba?

"Ba za mu kai ba," in ji Mazin. "Kai ma ka sani. Ni nake tsalle a bayan mutanen nan, ni na san inda hannuna ke tsayawa."

Ya rage gudu ya bar wata babbar mota ta wuce, sannan ya ci gaba da magana idonsa a kan hanya. Kada kawunsa ya ɗauka abin ba ya masa ciwo, kwana biyu ke nan abinci ba ya masa daɗi. Amma shekara goma sha biyu yana riga kowa zuwa fili, yana barin kowa ya riga shi fita, don kada wani ya buɗe baki ya ce ɗan ƙanwar manaja ne. Kuma ba wanda ya taɓa faɗa. Idan aka ɓoye takardar nan, wata rana za ta fito, irin wannan ba ya ɓoyuwa a Saida.

"Ran nan kuma duk shekarun za su koma naka, Kawu. Za a ce kai ka riƙe ni tun farko. Ka bar mini su."

Abin da ya zo wa Rafik shi ne Wafa, da ofisoshin da ya raka ta shekara da shekaru don nema wa Mazin zama ɗan ƙasa, tana rungume da fayil mai ɗauke da takardar haihuwa da sakamakon makaranta da hotunan yaro riƙe da lambobin yabo, kamar wani zai duba ya ji tausayi. Ko'ina sai a ba su kujera da gahawa da haƙuri. Ranar da aka binne mijinta ya yi mata alkawarin yaron nan ba zai taɓa jin shi baƙo ne ba muddin yana raye. Ga shi yau shi ne mai biro. Ya ji haushin dokar, ya ji haushin Tony da bai yi masa komai ba, ya fi jin haushin kansa don can ƙasan ransa shi ma yana son kofin nan.

A Khalde cunkoson ya kama su, motoci sun tsaya cak har inda ido ya ƙare. Rafik ya saci kallon agogo, biyu da kwata, ya ji wani ɗan fata marar kunya ya ɗago kai. Mazin ya karya kan mota ya faɗa wani lungu tsakanin shagunan taya, ya ɓulla bayan wani masallaci, ya ratsa unguwannin da Rafik bai taɓa sanin suna haɗe ba. Uku saura kwata suna ƙofar hukumar.

Babu wuta, sai suka hau hawa huɗu da ƙafa. Barandar cike take da manajoji, kowa da fayil da waya a kunne, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa sunan da ya kawo. Madam Terez mai rajista, wadda ta san Rafik tun gashinsa yana baƙi, ta miƙo hannu ba ta ɗago ba.

"Bahhara. Na ji kun sayo bishiya. Wa zai fita?"

Rafik ya buɗe wayar ya nuna mata takardar sakin, ta duba ta gyaɗa kai. Ya warware fom ɗin a kan teburin. Biron ya tsaya masa a saman layi na uku, har ta ɗago ta dubi agogon bango ta dube shi. Mazin yana tsaye a gefensa, bai taɓa shi ba. Rafik ya rubuta sunan Pruitt harafi bayan harafi, ya sa hannu. Mazin ya sa nasa a takardar fita, ta buga hatimi sau biyu.

"Saura wannan," ta ce, ta zaro wata 'yar takarda. "Ta baƙon da aka sallama. Ƙungiya ce ke biyan tikitin komawa gida, sai ya rubuta garin da jirgi zai sauke shi." Ta dubi Mazin ta saman tabarau, ta tambaye shi da Turanci ko yana son ta karanta masa.

"Allah ya ƙara lafiya, Madam," in ji Mazin da bakin Saida tsantsa, "ina ɗan taɓa Larabcin."

Kunya ta kama ta, ta dubi sunan ta dubi Rafik, sai a lokacin ta gane. Ta ce a yi haƙuri, amma ba a barin layin babu komai, na'ura ba ta karɓa. Fasfonsa na Sudan ne, ko a sa Khartum?

"Ban taɓa zuwa ba," in ji Mazin. Ya juya biron a hannu, kuma a karon farko tun safe Rafik ya ga fuskarsa ta motsa. "Me zan rubuta, Kawu?"

Rafik ya karɓi biron. Ya rubuta Saida, ya rubuta sunan layin, da lambar gidan Wafa, hawa na uku. Madam Terez ta karanta, ta buɗe baki za ta ce babu filin jirgi a Saida, sai ta rufe. Ta buga hatimin a hankali ta sa takardar a ƙasan sauran.

Sun sauko hawa biyu cikin duhun matakala kafin Mazin ya yi magana. Ya ce mahaifiyarsa ta riga ta gayyaci maƙwabta wasan Juma'a, ta saya musu tikiti bakwai a layin gaba.

"Wa zai faɗa mata, ni ko kai?"

Rafik ya tsaya ya dafa bango har numfashinsa ya daidaita.

"Ni," ya ce. "Ni na rubuta. Ka ajiye ni a ƙofar gidanta, ka zaga gari kafin ka hau."