Samfurin da Ba Shi da Takarda

Farantin gwajin ya yi fumfuna kamar burodin da aka manta a jaka. Yaya ta ɗaga shi kusa da fitila, ta fara ƙirga ɗigon ƙwayoyin cutar, ta kai ɗari uku ta daina.

Shekara tara tana aiki a ɗakin gwajin abinci na hukumar lafiya, askirim ɗin babban kamfanin garin bai taɓa faɗuwa ba. Yo ta ina zai faɗi? Kamfanin ne da kansa yake zaɓar wanda za a gwada, direbansu ya kawo a kula mai sheƙi, da wata kular daban, wai ta ma'aikata su jiƙa maƙoshi. Wannan kuwa ita ta saya da hannunta, a wurin mai keken da ke tsayawa ƙofar makarantar Ƙyalƙyala, 'yar ƙanenta, wadda yau kwananta uku a asibiti, amai da gudawa sun tsotse ta.

* * *

Ta tarar da Oga, shugaban ɗakin gwajin, yana lasar cokali, kofin kamfanin a gabansa. Ta dire farantin a kan teburinsa.

"Subhanallahi! Ɗauke min ƙazantar nan. Ina takardar shigowarsa?"

"Yallaɓai, a titi na saya. Shi yara ke sha. Da gani narkewa yake yi in wuta ta ɗauke, su sake daskarar da shi su sayar."

"To ai wannan ba samfuri ba ne, tsintuwa ce. Abin da bai shigo da takarda ba, a wurinmu babu shi."

"Yarinyar da ke kwance fa? Ita ma sai ta zo da takarda?"

Ya goge bakinsa a nutse, ya turo mata shaidar ingancin kamfanin ta bana. "Nasu da suka kawo ya ci gwaji. Sa hannu."

"Wallahi ba zan sa ba."

"Ke dai kin cika zafin kai, Hajiya," in ji shi yana murmushi. Ya zare biro, ya rattaba hannu a gurbinta, ya buga hatimi. Ko kallonta bai sake yi ba.

Ta fito idonta jawur. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, shaidu takwas ɗin da suka gabata duk ita ta sa musu hannu, ba wanda ya tilasta mata.

* * *

A ɗakin yara na asibitin, jaka ta biyar ta ƙarin ruwa ke rataye. Ƙyalƙyala, da ake jin dariyarta tun daga bakin layi, leɓunanta sun bushe, idanunta sun faɗa. Ƙanen Yaya na zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar gadon.

"Yaya, kun gano wani abu?"

Ta ja mayafin yarinyar ta rufe mata ƙafa.

"Ni fa ba sakaci na yi ba," ya ce. "Kullum uwarta hana ta take yi. Ni na ce a bar ta ta sha. Na nuna mata rubutun jikin kofin, na ce ga shi nan, an gwada. Na ce ai Yayata ce ke gwadawa."

Yaya ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannun yarinyar. Hannun ya yi sanyi ƙalau, numfashinta sama-sama.