Kwana Goma Sha Ɗaya a Rugar Labbo

Na lura Pam ya koma ɗaure tulun irin bijimi a bayan babur ɗinsa, daidai inda nake zama a da. Tun da aka hana mata hawa babur bayan namiji, sai in bi motar Shinkafi daga Ƙaura, in sauka Jangeru in tarar da shi yana jirana a gindin tsamiya.

Shekara biyu muna aiki tare. Ni likitar dabbobi ce, fitowata jami'a ke nan muka fara. Shi mutumin Jos ne, shi ke sa wa shanu irin bijimin madara da hannu. Aikin duk na ƙidayar kwana ne: in yi wa shanu allura, bayan kwana goma sha ɗaya in ƙara ta biyu, bayan kwana uku su nemi sa a tare, sai Pam ya zo da tulunsa.

Ranar da na yi wa shanu takwas na wani makiyayi, Labbo, allurar farko, Pam ya ce, "Likita, in na gama da waɗannan zan koma gida gaba ɗaya. Mama ta ishe ni da saƙo."

Na ce Allah ya kai mu. Na ci gaba da wanke sirinjin da na riga na wanke.

Kwana goma ina juya abu ɗaya a raina. Maganin ba ya son zafi. In na ce ya lalace a hanya, ba mai musa mini. Kafin wani maganin ya zo daga Zariya sai an yi wata, a sake farawa daga farko, Pam kuma ba ya barin aiki a tsakiya.

Ranar sha ɗaya na isa ruga da hantsi. Labbo ya tarbe ni da ƙwarya a hannu.

"Ɗiyata Muhsina, yau ne ko? Tsakuwa sha ɗaya na aje, da asuba na jefar da ta ƙarshe."

"Yau ne, Baba."

"Madalla. Bijimina na can Badarawa wurin ƙanena, yana ta kuka kamar angon da aka hana amarya."

Pam ya yi dariya. "Baba, ka ce masa ya yi haƙuri, angwayen bana suna cikin tulu."

"Ku dai ku yi da wuri," in ji Labbo. "Kaka na yi za mu tashi, ba mu jiran kowa. So nake su haihu da ruwan fari, su samu ciyawa."

Na buɗe akwatin ƙanƙara. Kwalaben da sanyinsu. Na daɗe ina riƙe da ta farko, har Pam ya ce, "Lafiya, Likita?"

"Lafiya. Kama mini jar saniyar nan."

Na yi musu duka takwas.

Bayan kwana uku sai ga su suna hawan juna, kamar yadda littafi ya faɗa. Pam ya gama kafin azahar. Kulsumu matar Labbo ta kawo fura, ta ce in maruƙan suka zo za a sa wa ɗaya sunan Pam. Ya sha, ya wanke hannu har kafaɗa, ya ɗaure kayansa.

Ina zaune kan turmi ina rubuta ranar da kowace saniya za ta haihu. Na ga inuwarsa ta tsaya kusa da ƙafata. Ban ɗaga kai ba, don na san abin da fuskata za ta nuna. Ya ɗan jima a nan. Sannan ya tura babur ɗin ta tsakanin gero, bai tayar da shi ba sai da ya kai bakin hanya.