Guga Ba Wuta

Shekara biyu Direba tana koyon guga a makaranta, ba ta taɓa riƙe dutse mai zafi ba. Direba dai suna ne da 'yan ajinsu suka laƙa mata saboda yadda take shan kwana da keken guragunta a baranda. Ajin ma ba aji ake ce masa ba, Sashen Shirya Ɗalibai Masu Buƙata Ta Musamman Domin Rayuwar Gobe ake cewa, in ka rage kalma ɗaya Madam shugabar sashen ta sa ka maimaita. Teburi shida, dutsen guga shida, kowanne an naɗe wayarsa an ɗaure da roba, wai kada yaro ya ƙone. Sai ka ga mutum shida suna ta jan ƙarfe mai sanyi a kan riga, rigar ta tashi yadda ta kwanta, a ba ka maki tara.

Wata mai zuwa za a yaye su. Wani shagon wanki yana neman mutum ɗaya, yau ne gwaji. In ba a ɗauke ta ba gida za ta koma, inda yayarta ta riga ta share mata wuri a bakin taga, wai ta riƙa kallon mutane kada kaɗaici ya dame ta.

Tun da suka shiga shagon ita da Madam ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta tura keken gaba, ta ja baya, ta sake turawa. Tururi ya cika ɗakin, injin wanki na ta kaɗa bango. Madam ta buɗe fayil tana yi wa mai shagon bayani, wani dattijo da tawul a wuya.

"Ta iya guga?" in ji shi.

"Ta kammala mataki na huɗu da yabo."

"Malama, ta iya guga?"

Teburinsa ya yi wa keken tsawo. Ya ɗauko katako ya ɗora kan durom biyu, ya shimfiɗa bargo, ya jefa wata rigar matashin kai a sama, ya ajiye mata dutse.

Mataki na ɗaya a makaranta shi ne a shafa fuskar dutse da tafin hannu a tabbatar ba datti. Sau ɗari nawa ta yi? Hannun bai nemi shawararta ba. Kafin dattijon ya cafke wuyan hannun, yatsu biyu sun riga sun gaisa da ƙarfen.

"A cire wutar!" Madam ta ƙwala ihu. "Wa ya ce a jona? Wa ya ba da izini?"

Ya tsoma yatsun cikin bokitin ruwa, yana kallon Direba. "Ke 'yar nan, wa ya koya miki wannan?"

"Mataki na ɗaya ne, Baba. Goma na ci a shi."

"To Allah ya raba mu da na biyu."

Madam ta kama hannayen keken ta baya. "Mu tafi. Wurin nan bai cika sharuɗɗa ba, zan rubuta rahoto."

Keken bai motsa ba. Direba ta danne birki. Yatsun na yi mata zugi har cikin haƙori, idonta ya kawo ruwa, amma ta san in ta fita ƙofar nan ta fita ke nan.

"Baba, ku yaya kuke gane ya yi zafi?"

Ya jiƙa hannu ya yarfa wa dutsen. Ruwan ya yi tsuu ya ɓace. "Kunne ake sa wa, ba hannu ba. Kuma ba a tsayawa. Kin tsaya, kin ƙona."

"Tsayawa ba ta cikin halina."

Ta naɗe yatsun da jiƙaƙƙen tsumma, ta ɗauki dutsen. Ya fi na makaranta nauyi. Ta ja shi sau ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, ta ɗaga ta leƙa. Inda ya bi ya kwanta sumul, sauran duk a yamutse.

"Au," ta ce. "Ashe abin da ake nufi ke nan."

Tana cikin leƙen ta ajiye dutsen a kwance, gefen rigar ya yi ja-ja. Dattijon ya fizge shi ya tsayar a gindinsa.

"Na ce miki me?"

"Kin gani ko?" in ji Madam.

Ya ɗaga rigar matashin yana dubawa a haske, ya juya ta, ya sake juyawa. Direba ta saki birki ta danne, ta saki ta danne.

"Ni ranata ta farko rigar amaryar mutane na huda," ya ce. "Gobe ƙarfe bakwai. Sati guda ba ki taɓa komai sai zanen gado da rigar matashi. Malama kuma ta huta a ofis."

Madam ta ce sai ya cike takarda shafi uku, ta shiga laluben biro a jaka. Direba ta riga ta jawo wani kwandon zanen gado da ke gefenta.