Shayin Haula

Ranar da Haula za ta fara aiki a wani ofishin kula da lafiyar dabbobi a Mubi, Goggo Hansai ta tsare ta a bakin ƙofa. Goggo ta yi shekara talatin tana buga tafireta kafin ta yi ritaya, saboda haka ba abin da ba ta gani ba a ofis.

"Ke yarinya, in sun ce ki dafa shayi, ki ɓata shi," in ji ta. "Ni na yi mai daɗi ranar farko, har na bar aiki buta ba ta bar hannuna ba."

Goggo kamar ta yi duba. Ko kujera Haula ba ta ɗumama ba, shugaban ofishin, Alhaji Gabdo, ya leƙo ya ce sabuwar 'yarsu ta taimaka musu da shayi. Shekara huɗu ta yi tana karatun cututtukan shanu, ga shi an miƙa mata cokali.

Ta kuwa zage. Ta zuba citta kamar da gayya, ta watsa kanumfari, ta ƙara barkono, sukari kuma sai dai a ji labarinsa. Ta kai, ta koma gefe tana jiran a kore ta daga wajen buta har abada.

Ashe mako biyu ke nan mura ta toshe wa Alhaji hanci. Ya kurɓa, ya yi atishawa uku, hawaye suka zubo, ya ja numfashi har cikin ƙirji.

"Allahu akbar! Daga yau ba mai dafa mini shayi sai Haula."

Haka aka yi wata guda. Abokan Alhaji har daga Belel suke zuwa shan "maganin mura". Da aka liƙa sunayen masu zuwa Betso yi wa shanu rigakafi ranar Alhamis, Haula ta duba sama da ƙasa, babu nata. Wai za a yi baƙi, sai ta zauna ta dafa musu shayi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don wannan fitar ce ta sa ta nemi aikin.

Ta kai kuka wurin Anti Salome, wadda ta fi kowace mace daɗewa a ofishin. Salome ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wayonki ya kama ki ke nan. Kin taɓa buɗe baki kin gaya masa abin da kike so?"

Ba ta taɓa ba.

Ranar Alhamis da safe Alhaji ya fito ya tarar da ita sanye da takalmin roba, ta rungume akwatin sanyi na allurai, tana tsaye kusa da babur ɗin da Salome ta tayar.

"Haula, ina zuwa?"

"Betso, ranka ya daɗe. Aikin allura aka ɗauke ni."

"To, wa zai dafa shayin?"

"Duk wanda yake son sha, ranka ya daɗe."

Mazan ofis kowa ya sunkuyar da kai, ya ƙura wa wayarsa ido. Alhaji ya kalle ta, ya kalli akwatin, ya sosa gemu.

"To ku hanzarta kafin rana ta narkar da ƙanƙarar."

Haula ta hau bayan Salome tana shan ƙamshi. Sai da suka fita gari ta ce, "Anti, ɗan tsaya in numfasa. Wallahi na ɗauka korata zai yi."