Rimot Ɗin da Sai an Koya Masa

Tun da Yaya Amiru ya yar da rimot ɗin kayan sauti a hanyar Gangara, gidanmu bai sake zama lafiya ba. Wai don kada yara su taɓa ne yake cusa shi a aljihu, ya hau babur da shi har gona. Ga shi kayan nan na Maraɗi ba su da madanni ko ɗaya a jiki, kuma an bar muryarsu can ƙasa. Mu masu kunne muna lallaɓawa da muryar talabijin. Mahaifiyarmu, Inna Bara'atu, ba ta iyawa, don kunnenta ya yi nauyi, sai manyan sifikokin sun buɗe wuya take ji.

Saura kwana huɗu hawan Arfa. Inna ba ta taɓa zuwa Makka ba, yanzu ma ƙafafunta ba sa kai ta ƙofar gida. Kowace shekara ranar Arfa takan yi wanka, ta sa fararen kaya, ta zauna gaban talabijin tana amsa Labbaika tare da alhazai. Bana kuwa ta riga ta ce mana ba ta tsammanin ganin ta baɗi.

Na tasa Yaya Amiru a gaba har shagon Ɗanmusa mai gyaran rediyo, a kasuwar Sabon Birni. Ɗanmusa ya jera mana rimot uku a kan benci.

"Wanga ƙaramin talabijin kaɗai ya sani," in ji shi. "Na tsakiya shina da littahin lambobi, ka dinga sa su ɗai-ɗai ko ka dace da ta kayanka. Babban kuwa koyo shikai. A aje shi goshi da goshi da na asali, a danna can, a danna nan, shi hardace. Malam Amiru, kayanku ba su da suna sananne. Babban za ni ba ka shawara."

"Ai na asalin shi yaɓ ɓace," na ce.

"Babu wani mai irin kayanga?"

Akwai, kuma duk mu ukun mun sani. Babban wanmu, Yaya Kalilu da ke Isa, rana ɗaya suka sayo nasu shi da Yaya Amiru lokacin suna fatauci tare. Shekara biyu ke nan ba sa ga maciji da juna, a kan wani gawo da ke iyakar gonakinsu na Tsamaye. Gawo fa, jama'a! Itacen da bai san suna yi ba.

"Ba ni roƙon kowa," in ji Yaya Amiru, ya ɗauki mai lambobi. Ni kuma na karɓi babban na jefa a jaka, don na san halin kayana.

Kwana uku mutumin nan yana durƙushe gaban kayan sauti, ga littafi mai rubutu ƙanana kamar ƙwan sauro. Wata lamba ta kashe risibar da ke kamo tashoshi. Wata ta mai da fuskar talabijin shuɗiya, sai da muka zare waya daga batirin sola kafin ta dawo hayyacinta. Sifikoki kuwa ko tari ba su yi ba. Duk bayan salla Inna za ta ɗaga murya ta ce, "Amiru, an gyara?" Shi kuma ya ce saura kaɗan. Girman kai rawanin tsiya, kuma wana ya naɗa shi har da kunne biyu. Haushi ya hana ni cin abinci.

Ana gobe Arfa, bayan azahar, na kira Yaya Kalilu na zayyana masa komai.

"Rimot nau ba shi kwana waje," in ji shi. "Wanda bai iya riƙon nashi ba, ƙaƙa za shi riƙe na wani?"

"To riƙe abinka, Yaya. In Inna tat tambaya, za ni hwaɗa mata gawo ya hi ta daraja." Na kashe waya a kunnen babban wana.

Washegari da hantsi sai ga shi a motar farko daga Isa, rimot naɗe cikin leda. Ya durƙusa ya gai da Inna, ya wuce ƙanensa kamar turmi. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye rimot biyun goshi da goshi. Dole suka zauna gwiwa da gwiwa, kowa ya kau da kai.

"Hafiza, ce mishi shi danna," in ji Yaya Amiru.

"Hafiza, ce mishi hannunai na rawa, shi tsai da shi," in ji Yaya Kalilu.

Akwai wata 'yar jar fitila a kan sabon rimot ɗin da ba ta jira. Kafin in kai saƙon wannan wurin wancan, ta mutu. Sau huɗu muna yin haka. A talabijin alhazai sun cika fili fari fat, bakunansu suna motsi, Inna cikin fararen kayanta ta kafa hannu a bayan kunne tana miƙa wuya. Abin ya zo mini wuya.

"Wallahi na gaji! Manyan mutane da hurhura! Ni ba 'yar aikenku ba ce." Na tashi na koma gefen Inna, na juya musu baya.

Can sai na ji muryar Yaya Kalilu ƙasa-ƙasa.

"Danna."

"Na danna," in ji Yaya Amiru.

"Riƙe, kak ka saki. To, gwada."

Muryar sifikokin ta taso a hankali, ta yi ta hawa har kwanon rufi ya ɗauki rawa. Labbaika ta cika gidan. Inna ta sauke hannunta daga kunne, ta ɗaga tafukanta biyu tana amsawa, hawaye yana bin kuncinta. Ni ma na yi kuka, ko da yake rabin nawa na takaici ne.

Yaya Kalilu ya mai da rimot ɗinsa cikin leda, ya miƙe yana neman takalmi, wai zai kama motar komawa tun hanya tana da mutane. Inna ba ta ɗauke ido daga talabijin ba. Hannu kawai ta miƙa ta damƙe bakin rigar babban ɗanta.

"Zamna, Kalilu," ta ce. "Ba a tashi Arfa sai rana ta hwaɗi."

Ya dubi hannun da ke riƙe da shi, ya koma kan tabarmar ya zauna kusa da ƙanensa.